Wotafuruf: me za mu kira shi da Hausa?

Mai lambu, Dadin Kowa: Assalamu alaikum. Masu gina komin siminti a tsakar gida don shuka salak, alayyafo da tumatir da takin gargajiya suna ƙaruwa a Gombe. Shafen da ake yi wa cikinsa don kada ruwa ya ratsa, magina na ce masa wotafuruf. Ina Hausarsa?

Magini, Pantami: Wa alaikumus salam. Yaɓe mana.

Injiniya, Tumfure: Baba, yaɓe daban. Ko an haɗa siminti kwano ɗaya da yashi uku, yaɓe na shan ruwa. Shi ya sa bayan damina ɗaya za ka ga farin gishiri ya feso a bayan bango, bulo na gugewa, rodi na tsatsa yana tsaga kankare daga ciki. Sabon siminti kuma yana sakin farar ƙasa cikin ƙasar shuka, ganyen da ke gefe ya yi rawaya.

Malamar Hausa, Bolari: To ai muna da kalma tun kafin siminti ya zo: laso. Katsin marina, wato abin da ke kwantawa a gindin ramin rini, ake haɗawa da gashin jima da ruwan tsiron dafara mai danƙo, a shafe rufin soro ko cikin karofi, ruwa ba ya wucewa. Akwai makuba ta ɓawon ɗorawa, amma ita bangon ƙasa ake shafa wa daga waje. Ina ganin laso ya fi dacewa, tunda karofi ruwa yake riƙewa dare da rana.

Magini, Pantami: Malama kin yi gaskiya. "An yi wa komi laso" ya zauna a baki.

Injiniya, Tumfure: Na yarda, da sharaɗin a bambanta, domin abinci za a shuka. Lason kwalta na rufin kankare ne, kada ya kusanci ƙasar da za a ci abin da ta fitar. Haka baƙin man mota da ragowar tsohon fenti, wanda wani yana da dalma. A ce lason ruwan sha, wato garin siminti na musamman da aka rubuta a buhunsa cewa ya dace da tankin ruwan sha. Idan ba a rubuta ba, a bar shi a shago.

Mai lambu, Dadin Kowa: Yaya ake shafa shi, Injiniya?

Injiniya, Tumfure: A bar kankare ya cika kwana 28, ana ba shi ruwa makon farko, musamman lokacin hunturu da iska ke tsaga shi. A goge ƙura, a cike kusurwoyi da kwaɓin siminti su yi kumbo, don nan yoyo ke farawa. A jiƙa bangon ya yi danshi, ba ya ɗiga ba. Shafi biyu da buroshi: na farko a kwance, idan ya kama na biyu a tsaye. Kada a yi da tsakar rana, zai bushe kafin ya kama, ya riƙa ɓarewa. Bayan kwanakin da buhu ya faɗa, a toshe ramukan fitar ruwa a cika komin da ruwa kwana biyu, a duba, a zubar.

Magini, Pantami: A kuma tuna laso na bango ne, ba na hana ruwa fita ba. Bututun inci ɗaya a gindi, kowace mita guda, a rufe bakinsa da raga da tsakuwa. In babu shi, saiwa ruɓewa za ta yi a watan Agusta.