A tilasta wa mai taɓin hankali magani, ko a bar shi da zaɓinsa?

Malam: Ni dai a ganina babu hujjar da za ta sa a tsare baligi a asibiti, ko a miƙa ragamar dukiyarsa ga wani, alhali bai yarda ba. Ku dubi mawaƙiyar nan ta Amurka, Britney Spears. Daga 2008 har Nuwamban 2021 kotu a Kalifoniya ta ɗora mata waliyyai, ciki har da mahaifinta. Tana fita tana waƙa tana samo miliyoyi, amma kuɗinta ba sa hannunta. A Yunin 2021 da bakinta ta gaya wa alƙali cewa an hana ta cire robar tazarar haihuwa da ke jikinta. Wannan kulawa ce ko ɗauri?

Hajiya: Malam, ka yi haƙuri, da alama ba ka taɓa kwana da irin wannan mara lafiya ba. Ƙanena ya yi kwana biyar bai runtsa ba. Ya daina shan ruwa, wai an zuba masa guba, har leɓɓansa suka tsattsage. Duk wata kafar lantarki da ke ɗakinsa ya liƙe ta, wai ta nan ake sauraronsa. Ka ce masa mu je asibiti, ya ce lafiyarsa lau. Ciwon ne da kansa ya hana shi sanin yana ciwo. Yardar wa zan zauna jira?

Barista: Kuna haɗa abubuwa biyu ne. Tsarewar gaggawa daban, waliccin kotu daban. A Kalifoniyar da Malam ya ambata, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1967 ta ba da damar tsare mutum awa 72 idan yana barazana ga ransa ko ran wani, ko ya kasa ciyar da kansa, tufatar da kansa da samar wa kansa makwanci. Waliccin da ke ƙarƙashin wannan doka shekara ɗaya yake yi, sai an koma gaban alƙali kafin a sabunta. Na Britney wani iri ne, wanda ba a yanka masa ranar ƙarewa. Nan gizo ke saƙa.

Malam: To ai ka taimake ni, Barista. Ƙofar da aka buɗe don gaggawa ita ake bi a cuci mutum.

Barista: An cuta kuwa. Kenneth Donaldson ya yi kusan shekara 15 a wani asibitin gwamnati a Fulorida ba tare da ya cutar da kowa ba. A shari'arsa ne Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1975 cewa taɓin hankali kaɗai bai isa a tsare wanda ba shi da haɗari kuma zai iya rayuwa a waje ba. Amma ka lura, kotun iyaka ta sa, ba ta rufe ƙofar ba.

Nas: Ni da nake riƙe sirinjin bari in faɗi nawa. Duk ranar da muka danne mutum muka yi masa allura, ya kan warke, amma wani ba ya ƙara yarda da ma'aikatan asibiti har abada. Ana sallamarsa sai ya jefar da magani. Hajiya, ina tare da ke, sai dai tilas na da farashi, kuma mara lafiyan ne ke biya.

Hajiya: Gaskiya ne, Sista. Wata uku ƙanena bai yi min magana ba. Yanzu da ya samu sauƙi ya zauna ya rubuta takarda: idan ciwon ya dawo ni za a kira, kuma kada a ƙara ba shi allurar da ta sandarar masa da wuya ta karkatar masa da harshe.

Malam: Wannan takarda ita nake so ta zama doka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, sashe na 12, a taimaki mutum ya yanke shawara take nufi. Peru ma a 2018 ta soke walicci saboda nakasa. Amma Barista, takardar tana ɗaure likita?

Barista: Ya danganta da ƙasa. A Ingila, ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983, idan an riga an tsare mutum likita na iya ƙetare takardar ya ba da magani. Inda take da ƙarfi sosai shi ne wajen jinyar girgiza ƙwaƙwalwa da lantarki, shi ma ban da lokacin ceton rai.

Hajiya: Kenan gobe sai mu kai wa likitansa ya sa ta a fayil, ya sa hannu a gabanmu.