An tambaye ni raunina a intabiyu, na ce ba ni da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa, don ranar Alhamis ɗin nan zan sake zama gaban masu ɗaukar aiki.

Watan jiya na je intabiyu a wani kamfani da ke neman mataimakin akanta. Mutum uku ne a teburin. Duk tambayoyin lissafi na amsa, har na ga ɗayansu yana gyaɗa kai. Can wajen ƙarshe matar da ke tsakiya ta ajiye biro ta ce in faɗa musu babban raunina a wurin aiki. Wallahi kaina ya ɗaure. Na yi murmushi na ce a iya sanina ba ni da wani rauni da zai taɓa aiki. Ta dube ni jim, ta rubuta wani abu, aka sallame ni. Har yau shiru.

Abin haushin, na san raunin nawa sarai. Idan aiki ya kakare mini ba na tambaya. Sai in yi ta fama ni kaɗai don kar a ce ban iya ba, har wa'adi ya cim mini. A inda na bari na taɓa riƙe rahoton ƙarshen wata kwana uku saboda wasu lambobi sun ƙi daidaita, alhali da na tambayi na kusa da ni, minti goma ya ishe mu. To in faɗi wannan? Ba zan yi wa kaina ƙafar ungulu ba?

Wani ɗan uwa:
Wa alaikumus salam. Abokina, kar ka soma. Aiki ka je nema, ba tuba ba. Ka ce musu rauninka shi ne ba ka iya barin aiki sai ya fita tsaf, ko kuma kana son aiki har ka manta da hutu. Ni da ita na samu nawa.

Wata da ta daɗe tana ɗaukar ma'aikata:
Ɗan uwa na sama, Allah ya sanya albarka a aikinka, amma ina kyautata zaton duk da wannan amsar aka ɗauke ka, ba saboda ita ba. Na ji ta har na gaji. Akwai ranar da mutum huɗu a jere suka gaya mini aibinsu shi ne son kammala aiki. Da zarar na ji, na san hadda aka zo da ita, sai in ce a ba ni misalin ranar da wannan halin ya jawo wa wani asara. Nan ake fara kame-kame.

Kai kuma ƙanena mai tambaya, ka san me muke nema? Ba raunin ba ne. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, mun san da haka tun kafin ka shigo. So muke mu ga ko ka san kanka, kuma ko za ka gyaru in an yi maka gyara. Wanda ya ce ba shi da rauni, abu biyu ne: ko bai taɓa duban kansa ba, ko kuma ɓoyewa yake. Kowanne ciwon kai ne ga shugaban da zai riƙe shi.

Akwai sharaɗi ɗaya dai. Kada raunin ya zama shi ne zuciyar aikin. Akanta ba zai ce yana yawan kuskuren lambobi ba, direba ba zai ce barci na ɗaukarsa a hanya ba. Idan rauninka na nan ne, ba amsa za ka gyara ba, aikin ne bai dace da kai ba tukuna. Naka ba haka yake ba. Rashin tambaya a kan lokaci halin sababbin ma'aikata ne da yawa, kuma yana gyaruwa. Ka faɗe shi. Sai dai ka faɗe shi a gajarce, ka kawo misali ɗaya, sannan ka fi daɗewa a kan abin da ka canza. Dukka kada ya wuce minti ɗaya.

Ka kuma tuna ana kiran tsohon ubangidan mutum a tambayi halinsa. In shi ya ambaci maganar rahoton nan kai ka ɓoye, ka ga ta ɓaci. In kai ka riga faɗa, sai maganarsa ta zama shaida a kan gaskiyarka.

Wani:
Hajiya ta gama magana, amma ku ji nawa don kada ya zarce. Ni gaskiyar ce ta yi mini yawa. Aka tambaye ni, na ce ina da saurin fushi. Mutumin ya yi shiru yana kallona. Shirun nan ya dame ni, sai na ci gaba: na ba su labarin yadda na yi cacar baki da ogana, na ƙara da cewa ina makara wani lokaci, har na soma kawo matsalar gida. Ina fita na san baki ya yanka wuya. Ɗaya aka tambaye ka, ba da ɗaya. In ka gama ka rufe bakinka, ko da za su yi minti guda suna kallonka. Wasu da gangan suke yin shirun.

Wata 'yar uwa:
Ƙari kaɗan. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, David Dunning da Justin Kruger, sun gwada ɗalibai a nahawu da tunani, suka ga waɗanda suka fi kowa faɗuwa su ne suka fi zuzuta ƙoƙarinsu. Masu ɗaukar aiki da yawa sun san wannan, shi ya sa “ba ni da rauni” ba ta yi musu daɗin ji.

Sai kuma a bambanta rauni da lalura. Ciwo ko nakasa ba su ne amsar wannan tambayar ba. A Amurka dokar 1990 ta kare masu nakasa ta hana a tambayi mai neman aiki game da nakasarsa kafin a yi masa tayin aikin, a Birtaniya ma dokar daidaito ta 2010 ta taƙaita tambayoyin lafiya a wannan matakin. Kowa ya duba dokar ƙasarsa. Sannan a takardar neman aiki ba a rubuta rauni, sai in fom ɗin ne ya tambaya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, don Allah duba mini wannan: “Raunina shi ne ba na son tambaya, amma yanzu na daina gaba ɗaya, kuma in sha Allahu ba za ku taɓa samun matsala da ni ba.”

Mai ɗaukar ma'aikata:
A'a ƙanena, ka koma gidan jiya. In ka daina gaba ɗaya, ai ka sake cewa ba ka da rauni ke nan. Kuma alkawari ba hujja ba ne. Me ka yi bayan rahoton nan? Kar ka ƙirƙira, ka gaya mini abin da ya faru.

Mai tambaya:
Ogana ya kira ni ya yi mini faɗa. Daga nan na sa wa kaina doka, in abu ya wuce rabin awa ban warware ba, sai in rubuta inda na tsaya in kai wa wanda ya fi ni sani. Har yanzu nakan ji nauyi, amma ina zuwa. Wata shida da na yi bayan nan rahotona bai ƙara makara ba.

Mai ɗaukar ma'aikata:
To ga amsarka nan ka rubuta da hannunka. Ka faɗe ta yadda ka faɗa mini, har da “nakan ji nauyi”, don wannan ce za ta sa su yarda da sauran. Faɗan oga ka mai da shi “shugabana ya ja hankalina”, kuma kar ka soki mutumin ko da sun ja ka. Ka maimaita ta da baki sau biyu ko uku, ba hadda ba. Ka kuma tanadi rauni na biyu a aljihu, ƙarami, kamar wani ɓangare na manhajar lissafi ta Excel da kake koyo yanzu, don wasunmu mukan ce “sai kuma me?” Allah ya ba da sa'a ranar Alhamis, ka dawo ka ba mu labari.