Bidiyon 0.5 yana lalacewa da dare, ina matsalar take?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu sanin harkar waya ku taimaka min. Wayata tana da kamarar nan mai faɗi, wadda in ka danna 0.5 take kwaso waje gaba ɗaya. Da Sallah na ɗauki hawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, dawakai da ƴan kallo da ginin duk sun shiga, ya fito tas. Amma daren bikin ƙanwata a tsakar gida, ga ƙwan lantarki biyu a kunne, bidiyon ya fito dishi-dishi kamar an watsa mishi yashi, na gefe kuma fuskarsu ta baje, har goggona ta ce in goge. Wayar ce ta samu matsala ko me?

Mai gyaran waya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wayarka lafiya lau take, kar ka kai ma kowa ya buɗe ta. Ai kamarorin bayan nan ba ɗaya suke ba. Ta 1x ita ce uwa, abin da ke kama haske a cikinta ya fi girma, ƙofar haskenta ma ta fi buɗewa, galibi f/1.8, ita ko mai faɗin f/2.2 ko f/2.4 za ka gani. Da rana haske ya wadata ba ka gane bambanci, amma dare na yi sai wayar ta dinga ƙara haske da ƙarfin tsiya, shi ne wannan yashin, in ta zo share shi kuma ta shafe har da aikin da ke jikin shadda. Sannan wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa megafiksel 8 suke sa wa mai faɗin, faɗinta ɗigo 3264 ne, bidiyo mai inganci na 4K ko yana son ɗigo 3840, shi ya sa kana komawa 0.5 take sauka zuwa bidiyon 1080 mai ƙarancin ɗigo. Da magariba ta yi ka koma 1x, ka ja da baya da ƙafarka.

Maman Hanan:
Zancen fuska kam gaskiyar goggo ce wallahi, ba macen da za ta sha kwalliya da lalle ta yarda a fito da ita haka. Kamarar tana kwaso wajen digiri 120, dole gefe ya miƙe. Ka sa amarya a tsakiya, kar ka matso kusa da fuska, kuma ka riƙe wayar daidai ƙirji kar ka karkata ta sama. Ni ko atamfa zan ɗauka ma kwastoma ba na taɓa 0.5, zanen gefe lanƙwashewa yake.

Abban Zango:
Yallaɓai mai gyara ban ƙi taka ba, amma kar a raina ta. In kana tafe kana ɗauka, ko kana bayan kabu-kabu, ita ta fi ɓoye girgizar hannu, kuma a lungunan Birni ina za ka ja da baya, bango ne a bayanka. Abin da na ga mutane ba su lura ba shi ne wutar lantarkinmu 50Hz ce, wato sau 50 take juyawa a daƙiƙa, in ka ga hasken ƙwai yana rawa a bidiyo ka duba saiti ko akwai 25 ko 50fps, wato hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, ka sa. Kuma lokacin hazon nan a riƙa goge gilashin kafin a fara.

Ɗan Birni:
Na gode Allah ya saka. To in na fara da 0.5 zan iya komawa 1x ban tsayar ba?

Mai gyaran waya:
Wasu wayoyin suna yarda, amma za ka ga hoton ya yi tsalle launi ya sauya. Gara ka tsayar ka sake farawa, daga baya ka haɗa su.