Wane furen daji zan shuka don ƙudan zuma su dawo gonata?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Ina da 'yar gonar kankana a bayan garin Gumel. Bana ta yi fure sosai, amma 'ya'yan sai su yi kamar ƙwan kaza su bushe su faɗi. Malamin gona ya ce ƙudan zuma ne suka yi ƙaranci, tunda furen kankana akwai mace akwai namiji, ƙudan ne ke kai garin furen namijin ga macen. Ina son abin da zan shuka a gefen gona, wanda ba ya buƙatar ban ruwa, don wurin jigawa ce.

Baba Mai Amya:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Ki nemi irin karkashi. Ɗan ƙasa ne, rairayi yake so, ko ruwa ya ɗauke mako biyu ba ya damuwa. Irin ƙanana ne kamar riɗi, sai ki gauraya da yashi ki watsa bayan ruwan shuka, kada ki binne da zurfi. Furensa ruwan hoda ne mai baki buɗe, za ki ga ƙudan sun shige ciki gaba ɗaya, sun fito da gari a gadon baya. Sharaɗin ɗaya ne: ku mata kuna tsinke shi tas saboda miya tun kafin ya yi fure. Ki ware layi guda da ba mai taɓawa, ya zubar da iri, baɗi da kansa zai fito.

Ɗan Maraɗi:
Baba ya yi gaskiya, sai dai karkashi na damina ne. Yunwar ƙudan zuma da rani take. Idan akwai gawo ko magarya a gonar, Hajiya, kada ki bari a sare. Gawo sai damina ta wuce yake fitar da ganye da fure. A nan wajenmu tun shekarun 1980 manoma ke barin tohonsa, abin da muke ce wa sassaben zamani. Ki aje kasko da ruwa, ki zuba tsakuwa ƙudan su samu wurin sauka.

Maman Khalifa:
Allah ya saka. Tumfafiya fa? Ta cika bakin gonar, na yi niyyar cirewa.

Baba Mai Amya:
Bar kaɗan, malam-buɗe-littafi na ƙwai a ganyenta. Ki dai hana yara wasa da farin ruwanta, yana cutar da ido. Kuma ki gaya wa mai yi miki feshi ya bari sai magariba, don furen kankana da safe yake buɗewa, lokacin ne ƙudan ke kansa.