Ruwan jinin wanda ya warke: shin yana warkar da mara lafiya?

Bello Mabera:
Assalamu alaikum. Bayan da na tashi daga jinyar korona a 2020, ƙanena da ke aikin jinya ya ce mini a Amurka ana roƙon waɗanda suka warke su ba da ruwan jininsu domin a ƙara wa masu kwance. Mene ne hikimar hakan, kuma me ya sa ni ba a neme ni ba a nan Sakkwato?

Hajiya Luba, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Malam Bello. Idan aka ware ƙwayoyin jini, abin da ya rage ruwa ne mai launin ɗorawa, wanda ya ɗan haura rabin jinin mutum, kuma a cikinsa ne sinadaran garkuwar da jiki ya haɗa lokacin rashin lafiya suke. Akwai na'urar da ke zuƙe ruwan ta mayar wa mutum ƙwayoyinsa, sannan a gwada shi saboda ƙanjamau da ciwon hanta, a duba rukunin jini, a daskarar da ledar. Na yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kuma na ga daren da wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, muka tsaya da fitilar waya muna kallon firiji. Inda sanyi bai tabbata ba, tara wannan ruwan wahala ce kawai.

Dakta Umar, Arkilla:
Hajiya ta yi bayani, sai dai dabarar ta daɗe, har ma tana da tarihi da ƙasarmu. A 1969 Jordi Casals, masanin da ke binciken zazzaɓin Lassa a jami'ar Yale, ya kamu da cutar, aka ƙara masa ruwan jinin Penny Pinneo, ma'aikaciyar jinyar da ta kamu a Jos ta warke, kuma ya rayu.

Amma korona ta zo da wani darasi. Amurka ta ba da izinin gaggawa na ƙara wa masu korona wannan ruwan jinin a Agustan 2020, sai babban gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya haɗa marasa lafiya fiye da 11,000, ya nuna bai rage mace-mace ba ga waɗanda aka riga aka kwantar, kuma a Disamban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci a daina bai wa masu ciwo mai sauƙi. Inda aka ga alamar amfani shi ne idan an ba da shi a kwanakin farko, tun ciwon bai ci jiki ba.

Bello Mabera:
Na gode, Hajiya da Dakta. To, mu da sai ciwo ya kayar da mu muke zuwa asibiti, wa zai riski waɗannan kwanakin farko?