Neman kalma: harajin da ake son ya maye gurbin harajin samu a Amurka

Rabi'atu:
Assalamu alaikum malamaina. Gobe da safe za mu ɗauki shirinmu na tattalin arziki a rediyo, maudu'in kuwa muhawarar da ake yi a Amurka ce kan a soke "income tax" a kawo "national sales tax" a madadinsa. Ƙudurin sunansa FairTax. John Linder, ɗan majalisar wakilai daga jihar Jojiya, ya fara gabatar da shi a 1999, wani ɗan majalisar, Buddy Carter, ya sake kawo shi a Janairun 2023. Na rubuta "harajin kuɗin shiga" da "harajin kayan masarufi", edita ya dawo min da takardar ya ce na biyun ai VAT ne. Ga kuma wata wai ita "prebate" da na rasa ta inda zan kama ta. Ƙarfe goma na dare zan miƙa rubutun. A taimaka don Allah.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Editanki ya yi gaskiya. VAT mataki-mataki ake karɓarsa: masana'anta ta biya, dila ya biya, mai shago ya biya, kowa yana cire abin da aka riga aka biya kafin kaya su iso hannunsa. Wannan kuwa sau ɗaya tak ake karɓa, a hannun mai saye na ƙarshe. Amurka ma ba ta da VAT. Ki sa "harajin sayarwa" ki huta.

Hajiya Binta:
Malam, in ka ce sayarwa mai sauraro zai ɗauka 'yan kasuwa aka ɗora wa, ya ce ina ruwana. Alhali aljihunsa ake nufi. Harajin saye.

Malam Sani:
Ai mai shagon ne ke karɓa ya miƙa wa hukuma, Hajiya. To a raba gardama, harajin ciniki. Ya haɗa mai saye da mai sayarwa.

Auwalu:
Ciniki ya yi faɗi, Malam. Ni a Amurkan nake zaune. Ƙudurin ya cire cinikin da ke tsakanin kamfani da kamfani, ya cire kayan da aka taɓa amfani da su. In ka sayi tsohuwar mota ko tsohon gida ba ka biyan komai, sabo ne ake caja. Masarufi kuma ba don VAT kaɗai ya faɗi ba. Harajin zai hau kuɗin ganin likita, kuɗin haya, aski, gyaran mota, kusan duk wani aiki da aka yi maka ka biya. Wa ya taɓa kiran ganin likita kayan masarufi? Ina bayan Hajiya. Sai dai Anti Rabi ki nuna cewa na gwamnatin tarayya ne, don irinsa na jihohi ya daɗe: jihohi 45 da birnin Washington suna karɓa, biyar ne ba su da shi a matakin jiha, Alaska, Delaware, Montana, New Hampshire da Oregon.

Rabi'atu:
Na gode ƙanina. To "harajin saye na ƙasa"?

Hajiya Binta:
A'a, kunne zai ji harajin ƙasa, ya tafi can wajen fili da gona. Na tarayya.

Baba Ɗanjuma:
Ina karanta ku tun ɗazu ina girgiza kai. Kowa haraji, haraji, babu wanda ya tsaya ya tambayi ita kalmar daga ina ta zo. Kharaj ce ta Larabci, kuma asalinta abin da ake ɗora wa ƙasar noma ne. Kun ari kalma, kun ja ta kun ja ta har ta rasa siffa, yanzu kuna lanƙaya mata jela iri-iri. Muna da tamu da kakanninmu suka sani. Ni na daɗe ina ba da shawarar JANGALIN SAYE. Gajeriya ce, tana da nauyi a baki, kuma duk Bahaushen da ya ji ya san hukuma ce ta miƙo hannu. Ɗiyata, ki sa wannan, za ki ga har wasu gidajen rediyon sun ɗauka.

Malam Sani:
Allah ya gafarta Malam, in za mu kori duk abin da ya zo daga Larabci, da me za mu ce lokaci, da littafi, da alƙalami? Ita "hukuma" da Baba ya rubuta yanzu fa?

Baba Ɗanjuma:
Ban ce a kori kowace ba. Na ce inda muke da tamu kar mu je bara.

Hajiya Binta:
Baba, ranka ya daɗe, matsalar jangali ba asali ba ce, ma'ana ce. Jangali ƙirga kawunan shanun da mutum ya mallaka ake yi a yanka masa, ko ya sayar ko bai sayar ba. Haraji ne a kan dukiyar da ke tsaye. Masu FairTax kuwa duk hujjarsu ita ce kar a taɓa abin da ka samu ko ka tara, sai ranar da ka fito da shi ka kashe. Ka ga kalmar ta faɗi kishiyar abin da ake nufi. Na biyu, jangali kalma ce mai ɗaci a kunnen mutane. In 'yar jarida ta furta ta a iska ta riga ta yanke wa ƙudurin hukunci kafin baƙinta su buɗe baki.

Isuhu:
Mu a Nijar lanho muke cewa, daga Faransanci, kuma ba wanda ya taɓa kwana da yunwa don haka. Amma ku kullum in ana zancen daidaita kalma sai ku yi kamar Hausa ta tsaya a kan iyaka. Shirin nan har wajenmu ana ji. Wa ya tambaye mu?

Malam Sani:
Malam Isuhu, in an ce haraji ba ku ganewa?

Isuhu:
Muna ganewa sarai. Ku ne ba ku gane tamu.

Baba Ɗanjuma:
Kun gani ko? Wannan ya aro daga Faransa, wancan daga Larabawa, yaran yanzu kuma sai su ce "tas" su wuce. Na shekara da shekaru ina koyar da harshen nan, amma yau wanda ya iya latsa waya shi ne malami. Hausar 'yan jarida ce ta kai mu nan, su fassara kalma da kalma cikin gaggawa, gobe ta zama doka.

Hajiya Binta:
Su 'yan jaridar da ake raina wa ne suka sa talaka ya san "majalisar ɗinkin duniya" da "gyaran fuska". Kalmomin da aka ƙirƙira a ɗakin taro kuwa da yawansu suna nan kwance cikin takarda, ba wanda ya taɓa furta su.

Rabi'atu:
Iyayena a yi haƙuri, takwas ta wuce. Har yanzu ban samu ta farkon ba, ga kuma wani ruɗani: wata takarda ta ce kashi 23 cikin ɗari, wata ta ce 30. Wanne ne kuskure?

Auwalu:
Babu kuskure, kuma nan ne ya kamata ki fi yin hattara fiye da sunan. Kaya na dala 100, a ɗora dala 30, ki biya 130. In kika auna 30 ɗin da farashin kayan, kashi 30 ne. In kika auna shi da jimillar abin da ya fita daga hannunki, 30 cikin 130, kashi 23 ne. Magoya baya suna faɗin 23, hujjarsu ita ce haka ake lissafa harajin da suke son sokewa, daga cikin jimillar abin da mutum ya samu. Masu suka suna faɗin 30, hujjarsu ita ce haka kowane Ba'amurke ya saba ganin harajin jiharsa a rasit, ƙari a kan farashi. Joe Biden da 30 ɗin ya yi ta dukan 'yan Republican a 2023. Kwamitin da George W. Bush ya kafa kan gyaran haraji a 2005 ma cewa ya yi sai an kai aƙalla kashi 34 a kan farashi kafin a cike gurbin, kuma bai goyi bayan tsarin ba. Duk lambar da kika faɗa ita kaɗai, kin shiga wani sansani.

Malam Sani:
Wannan Hausa ta riga ta raba mana shi ba tare da wahala ba: "a kan" da "daga cikin". Kashi 30 a kan farashi, wato kashi 23 daga cikin abin da aka biya. Ki faɗi duka biyun a jimla ɗaya.

Ɗayar kuma, ni ban taɓa son "harajin kuɗin shiga" ba, ko da yake an saba da ita. A labarai kuɗin shiga na gwamnati ne, shi ya sa za ki ji jimla kamar "harajin kuɗin shiga ne ke kawo kusan rabin kuɗin shigar gwamnatin tarayyar Amurka", gaskiya ce amma kunne ya ruɗe. "Harajin albashi" kuma ya yi kaɗan, don ya bar riba da kuɗin haya da ribar hannun jari a waje.

Auwalu:
Kuma za ta buƙaci "harajin albashi" a wani wurin. Akwai wanda ake cirewa daga albashi musamman don Social Security da Medicare, wato fanshon tsofaffi da lafiyarsu, shi ma kusan kashi ɗaya cikin uku yake kawowa. Ƙudurin zai soke shi, ya soke na kamfanoni, da na gado, da na kyauta, ya rufe hukumar karɓar haraji ta tarayya, wato IRS, jihohi su riƙa karɓa suna tura wa tarayya. Har sharaɗi aka sa cewa in ba a soke gyara na 16 na tsarin mulki ba cikin shekara bakwai, wanda tun 1913 ya ba majalisa ikon karɓar harajin kuɗin shiga, sabon ya faɗi da kansa.

Hajiya Binta:
Harajin samu. Samu da saye, kun ga sun zauna tare, kuma muhawarar kenan gaba ɗayanta: a caji mutum ranar da ya samu, ko ranar da ya saya. Masu goyon baya su ce wanda ya yi tanadi ya tsira, kuma mai ɓoye samunsa dole ya shiga shago. Masu suka su ce talaka duk abin da ya samu saye yake yi da shi, attajiri kuwa kaɗan yake kashewa daga nasa, don haka nauyin kan talaka zai gangaro.

Isuhu:
In kashe kuɗi ne abin, me ya hana harajin kashewa?

Malam Sani:
Haba Malam Isuhu, so kake a ce Amurka za ta fara karɓar kuɗi a hannun masu kisan kai?

Isuhu:
Na janye.

Baba Ɗanjuma:
"Samu" ba laifi, Hausa ce tsantsa. Da an ce jangalin samu da jangalin saye da an gama magana. Amma na ga an haɗa baki.

Rabi'atu:
Ba haɗa baki ba ne Baba. Saura "prebate".

Auwalu:
Ita amsa ce ga sukan da Hajiya ta kawo. Kowane wata gwamnati za ta tura wa kowane gida kuɗi tun kafin ya yi sayayya, daidai harajin da zai biya in ya kashe abin da bai wuce ma'aunin talauci ba. Da mai kuɗi da talaka duk za a ba su, yawan mutanen gida ake dubawa, ba samunsu ba.

Malam Sani:
Kafin alƙalami.

Hajiya Binta:
Kafin alƙalami wani ɓangare ne na kuɗin da za a cika daga baya. Nan babu cikon da ke tafe. Tallafi?

Auwalu:
Masu ƙudurin za su yi tsalle su ce ba tallafi ba ne, kuɗinka ne aka mayar maka. Masu suka kuwa tallafin suke kiransa, har suna cewa zai zama ɗaya daga cikin manyan shirye-shiryen rabon kuɗi na gwamnati. Ita ma kalmar tana da sansani.

Malam Sani:
To mayarwa tun kafin a karɓa, ta yaya za a mayar da abin da ba a karɓa ba? Rangwamen gaba?

Baba Ɗanjuma:
Toshiyar baki.

Hajiya Binta:
Baba!

Baba Ɗanjuma:
Ni fassara na yi.

Rabi'atu:
Lokaci ya ƙure, ga abin da zan miƙa: "Wasu 'yan majalisar Amurka na son a soke harajin samu, wanda aka fi sani da harajin kuɗin shiga, a maye gurbinsa da harajin saye na tarayya, da za a riƙa karɓa sau ɗaya a hannun mai saye na ƙarshe. Zai kai kashi 30 cikin ɗari a kan farashi, wato kashi 23 daga cikin jimillar abin da aka biya." FairTax zan bar shi da sunansa, don in na ce harajin adalci na zama kakakinsu. Ta ukun ban sa mata suna ba, bayani zan yi: kuɗin da za a riƙa bai wa kowane gida duk wata don rage nauyin harajin. Allah ya saka da alheri.

Malam Sani:
Ya yi, amma ni har yanzu ina ganin ciniki ta fi daɗin faɗa. Kuma "wanda aka fi sani da" ɗin nan, edita zai ce ki zaɓi ɗaya.

Isuhu:
Ba a sa lanho ba ko sau ɗaya. Mun gani.

Baba Ɗanjuma:
Ki sa abin da kika ga dama, ɗiyata, shirinki ne. Kalma ɗaya ta gagare ku kun buge da jimla mai kalma goma sha. In kun tashi neman sunan ta ukun da gaske ku neme ni, ina da wata.