Don Allah a ba ni shawara, malamina ya dawo min da babi na uku karo na biyu

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kwana uku kenan ban yi barcin kirki ba. Ina ajin ƙarshe, furojet ɗina kan yadda gwamnatocin jihohin kudancin Amurka suka yi da ƙungiyoyin fararen fata irin su Ku Klux Klan lokacin wariyar launin fata. Ba wanda ya ɗora min batun, ni na zaɓa, don babanmu Allah ya jiƙansa mutum ne mai rediyo, kullum tana manne da kunnensa a ƙofar gida bayan la'asar, shi ya fara ba ni labarin yara mata huɗu da bam ya kashe a coci a Birmingham ta jihar Alabama a 1963, tun lokacin nake tambayar kaina to ina gwamnatin jihar take? Yanzu malamina ya ja layi da jan biro ya ce in tsaya waje ɗaya, sun yaƙe su ne ko sun ɗaure musu gindi. Ni kuma abin da na gani ya ƙi tsayawa waje ɗaya. Alabama ta yi dokar hana rufe fuska a 1949 saboda 'yan Klan, amma ita ɗin ce dai a 1956 ta hana NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe, aiki a jihar. A Jojiya gwamna Ellis Arnall ya sa an kai Klan kotu don a ƙwace rajistarta. Ya zan ce duk abu ɗaya ne? Saura sati biyar a miƙa. Me zan yi?

Baban Yara: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara nawa kika ɗauka, jiha nawa? Ba ki faɗa ba.

Tsohon Malami: 'Yata, malaminki ya yi gaskiya amma bai miki bayani ba. Matsalarki faɗi ne. Ki zubar da sauran jihohin ki riƙe Misisipi kawai, daga 1954 zuwa 1964, shikenan. A 1954 kotun ƙolin Amurka ta ce raba makarantun farare da na baƙaƙe ya saɓa tsarin mulki, a shekarar aka kafa Citizens' Council a garin Indianola, su ba 'yan farar riga da hula mai tsini irin na Klan ba ne, masu banki ne da lauyoyi da 'yan kasuwa, in baƙar fata ya sa hannu a takardar neman haɗa makaranta sai a buga sunansa a jarida, a kore shi daga aiki, banki ya hana shi bashi. A 1956 jihar ta kafa hukumarta ta leƙen asiri, Sovereignty Commission, da kuɗin haraji, ta riƙa ba wannan ƙungiyar kuɗi. Sai da aka buɗe takardunta a 1998 jama'a suka ga abin da idonsu. Ga amsarki nan, ɗaure gindi ne.

'Yar Zazzau: Kai malaman nan! Nawa sai da ya riƙe min babi na biyu wata huɗu, in je ofis a ce ya yi tafiya, in kira bai ɗauka, ranar da ya dawo min da shi ko shafi ɗaya bai buɗe ba, har hawaye na yi a bakin ƙofa. Ki yi masa abin da yake so kawai ki fita 'yar uwa.

Ɗalibar Tarihi: Baba na gode, amma in na riƙe Misisipi kaɗai ai na jefar da ainihin abin da nake son faɗa. Ni abin da na gano shi ne wasu gwamnonin sun taɓa Klan ne in ta jawo musu abin kunya ko ta kori masu zuba jari, wariyar kanta kuwa ba su taɓa ta ba. Wannan sai an jera jihohi ake ganinsa.

Ɗan Tasha: Ni ina bayanki. Ki duba Oklahoma a 1923, gwamna Jack Walton ya kafa dokar soja a kan Klan, kafin shekarar ta ƙare majalisar jihar ta tsige shi. Kin ga wani lokacin ba gwamna ke riƙe da su ba, su ke riƙe da majalisa. Kar ki cire komai, ƙara ma za ki yi.

Tsohon Malami: Ƙara me? Yarinya na da sati biyar kana ce mata ta koma 1923? Shekara talatin ina duba aikin ɗalibai, wanda ya ɗebo da yawa shi ke zubarwa. 'Yata ki ji wannan. An harbe Medgar Evers, jami'in NAACP a Misisipi, har lahira a ƙofar gidansa a Jackson, babban birnin jihar, a watan Yuni 1963. Sau biyu aka gurfanar da Byron De La Beckwith kan kisan a 1964, masu yanke hukunci duk farare, suka kasa cimma matsaya, Ross Barnett da ya yi gwamnan jihar ya shigo har cikin kotun ya yi musabaha da shi. Hukumar nan ta jiha ta taya lauyoyinsa bincikar mutanen da za a zaɓa su yanke hukuncin. Sai 1994 aka ɗaure shi. Wannan shari'a ɗaya ta ishe ki babi guda.

Baban Yara: Ni fa abin da ke damuna, me ya kai mu Amurka? Ga 'yan siyasarmu da 'yan dabarsu, lokacin zaɓe a ba su kuɗi, bayan zaɓe a ce ba a san su ba. Ƙanena har yau da tabon sara a kafaɗa, ba wanda aka kama.

Ɗalibar Tarihi: Allah ya ƙara masa lafiya Yaya, amma an riga an amince da batun, ba zan canza yanzu ba. Baba, labarin Evers yana ciki, shafi shida na ba shi. Har na Neshoba a Misisipi na sa, inda aka kashe matasa uku masu fafutukar haƙƙin baƙaƙe a 1964 jihar ba ta tuhumi kowa da kisa ba sai 2005. Ni Alabama ce ba zan iya cirewa ba, saboda ita na fara aikin nan, kuma wanda ya fara shiga hannu kan bam ɗin cocin, Robert Chambliss, lauyan gwamnatin jihar ne Bill Baxley ya sa aka ɗaure shi a 1977. Shi ma ai jiha ce.

Tsohon Malami: Bayan shekara 14. To ki je ki gaya wa malaminki haka, mu ji me zai ce.

'Yar Zazzau: Kar ki je ki yi musu da shi fa, shi zai ba ki maki.

Ɗalibar Tarihi: Ya ce in same shi ranar Talata ƙarfe goma. Har yanzu ban taɓa babin ba. Akwai wanda ya taɓa kai wa malaminsa tsari biyu ya ce ya zaɓa?